Yatsu Uku na Mai Aski

"Rufe idon da kyau, ina ganin kana leƙe," in ji ta.

Mai aski ya ƙara matse idanunsa har goshinsa ya tattare, ya shimfiɗa hannun damansa a kan teburin da suke shan shayi, tafin yana kallon sama. Matarsa ta tsakuro auduga, ta murza bakinta ya yi tsini, ta jawo kujera kusa da shi. Awarwaron hannunta suka yi 'yar ƙara. Ta ɗauke numfashi, ta shafa audugar a kan babban yatsansa.

"Babba," ya ce.

Ta matsa gaba, ya ce manuni. Ta sake matsawa, ya ce na tsakiya. Daga nan ta yi masa wayon da takan yi kullum, ta riƙe audugar a iska ba ta taɓa komai ba, ta ce yanzu fa? Ya yi murmushi idonsa a rufe, ya ce Sufeto ke nan, an fito kamun mai laifi, to wannan karon ba a taɓa shi ba.

Sufeto yake ce mata tun suna sabon aure, kuma wanda duk ya shiga gidan ya san ba ƙage ya yi mata ba. A wurinta cokali ma ya san layinsa. Takalman bakin ƙofa daga babba zuwa ƙarami suke, kofuna kuwa duk hannunsu gefe guda yake kallo. A babban kantin da take aikin jera kaya, ita ake tura wa sababbin ma'aikata su koyi yadda ake juya gwangwani rubutunsa ya fuskanci mai saye. Komai nata daga farko yake tashi ya bi layi zuwa ƙarshe, ba ta san tsallake ba.

Wata da watanni ke nan da babban madubin shagonsa ya kwance daga bango yana cikin yi wa wani gyaran fuska. Maimakon ya kauce, sai ya kai hannu ya tare don kada ya sauka a kan mutumin. Mutumin ko ƙwarzane bai samu ba, shi kuwa gilashi ya tsarge masa wuyan hannu. Aka ɗinke a asibiti, har da jijiyar da ke kai ji ga yatsu uku, babba da manuni da na tsakiya. Ƙaramin yatsa da gefen na kusa da shi jijiyarsu daban ce, ba abin da ya same su. Amma me mai aski zai yi da ƙaramin yatsa? Da waɗancan ukun yake riƙe reza, da su yake jin kwanciyar gashi da ƙurjin da ke ɓoye a ƙeyar mutum. Tun daga ranar suka zama kamar na aro a jikinsa.

Da za a sallame su, likita ta ce a riƙa gwada yatsun da auduga a gida, idonsa a rufe. Sufeto ta karɓi aikin hannu biyu. Aka daɗe kullum amsar ɗaya ce, bai ji ba, har ta fara tsoron wayewar gari. Ran nan sai ya ce babba, kuma babban ta taɓa. Ta yi dariya har da hawaye, ta buga wa 'yarsu da ke aure a wani gari waya tun kafin shayi ya huce. Tun daga nan bai sake kuskure ba. Da ranar komawa asibiti ta zo, aka ce ba za a ba ta hutu a wurin aiki ba, shi kuma ba ya son zuwa shi kaɗai, sai ita da bakinta ta ce me za a je a tsaya a dogon layi a yi, mutum yana ji? Suka bar ranar ta wuce. Sai da asibiti suka nemo su a waya aka sa musu yau.

Ta ɓalla masa maɓallan riga, ta gyara masa wuyanta, ta saka katin asibiti a jaka. Yau kam, a ranta, zuwa karɓar albishir za su yi.

Bas ta cika maƙil kamar kullum. Suka samu kujera ta wajen taga, ta ɗora jakarta a cinyarsa, ta kama hannun nasa a ƙarƙashin jakar don kada wani ya buge shi. Haka take yi duk fitar da za su yi tun da abin ya faru. Takan riƙe yatsun nan uku a tafinta, in mota ta faɗa rami ta ɗan matsa su, wato ina nan. Da suka zo wucewa ta gaban shagon, ta hango ƙaninsa a tsaye bayan kujerar, yana yi wa wani aski da inji, sabon madubi na sheƙi a bango. A benci kuma ga tsohon direban nan da ya rantse ba mai taɓa masa gemu sai mai shagon, gemun har ya fara sauka a ƙirji. Ta ce ya dubi abokinsa, ya kusa zama abin tsoron yara. Maigidan ya yi dariya, amma bai waiwaya ba sai da shagon ya ɓace.

Sun sha zama a asibiti. Rana ta take sosai kafin a kira su. Likitar matashiya ce, ba za ta girmi 'yarsu ba, da tabarau da saurin magana, Baba da Mama take ce musu. Ta tambayi dalilin da ba a gan su ba wancan karon. Sufeto ta ba da haƙuri, ta ce ai alhamdu lillahi sauƙi ne ya hana su, yatsun duk sun dawo, kullum tana gwadawa ba ya faɗuwa ko ɗaya.

Likita ta ɗauki hannun ta juya shi a hankali, ta jera shi da na hagu. Tudun naman da ke gindin babban yatsa ya lotsa a na dama. Sufeto ta daɗe da ganin haka, ta ɗauka rashin aiki ne. Sai likita ta nuna wani tabo fari a gefen manuni, ta tambaya me ya same shi nan. Ya ce butar shayi ce. Ta ce da ya taɓa ta, zafin ne ya sa ya janye hannun, ko gani ya yi? Ya ce ya manta.

"Mama, ki nuna mini yadda kike yi a gida," in ji likita, ta miƙo mata auduga.

Sufeto ta gyara zama, har da ɗan alfahari. Ya rufe ido. Awarwaro suka yi ƙara, ta ɗauke numfashi, ta taɓa. Babba. Manuni. Na tsakiya. Ta riƙe audugar a iska ta ce yanzu fa, ya ce ba a taɓa ba. Ta dubi likita tana jiran yabo.

Likita ta ce ya ci gaba da rufe ido. Ta yi wa Sufeto alama da hannu ta zare awarwaron. Ta zare, ta ajiye su a cinya. Likita ta ɗora yatsa a leɓenta, wato kada ta yi magana, sannan ta nuna mata yatsan tsakiya. Abin ya yi wa Sufeto banbaraƙwai, ta yaya za a fara daga tsakiya? Ta dai bi umarni. Ta ɗauke numfashi, ta shafa audugar a kan na tsakiya.

"Babba," ya ce, da ƙarfin gwiwarsa.

Likita ta sake nuna mata na tsakiyan, ta sake shafawa, ya ce manuni. Daga nan likita ta karɓi audugar da kanta, ta bi yatsun uku tana shafawa sama da ƙasa, ta koma da bakin biro tana dannawa har fatar ta lotsa. Yana zaune idonsa a rufe, ya karkata kai gefe kamar mai sauraron ƙwanƙwasa ƙofa, yana jiran a fara.

"Ku taɓa mana," ya ce.

Ya buɗe ido, ya ga biro a kan yatsansa, ya ga awarwaro a cinyar matarsa. Sai ya sunkuyar da kai.

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye biron ta yi musu bayani a hankali, yadda za su gane. Ta ce yatsa ba shi ne ke ji ba, shi nasa ɗaukar saƙo ne. In an taɓa fata, saƙon ya bi jijiya ya hau hannu, ya shiga laka, ya isa ƙwaƙwalwa kafin ƙiftawar ido, can ne ake cewa an taɓa ni. In jijiya ta yanke, zaren da ke ƙasa da yankan mutuwa yake, sai kwanson da yake ciki ya rage. Ɗinkin da aka yi haɗa bakin kwanso da kwanso ne kawai, don sabon zare ya tsiro daga sama ya bi ta ciki har bakin yatsa. Ta ce tsiron ba ya sauri, ya dai fi gashi, amma wata guda bai fi ya ci tsawon gaɓar yatsa ba. Maigidan ya gyaɗa kai, wannan lissafin ya san shi.

Ta ƙara da cewa kada Mama ta ga laifinsa da yawa. Ƙwaƙwalwa ba ta son shiru. In saƙo ya daina zuwa daga wani wuri, takan nemi labari a kunne da ido ta cike gurbin, har mutum ya rantse ya ji.

Sannan ta ce akwai gwajin da ba a iya yi masa wayo. Bakin sabon zaren yana da tsananin ji, in an ƙwanƙwasa daidai inda ya kai, mutum zai ji kamar lantarki ya ja shi. A lissafinta ya kamata a ce yanzu ya shiga tafin hannu. Ta fara ƙwanƙwasawa da kan yatsanta daga bakin manuni tana hawa. Shiru. Gindin yatsun, shiru. Tsakiyar tafi, shiru. Sufeto tana bin yatsan likita da ido tana addu'a a zuci. Sai da ya sauka a kan tabon wuyan hannun sannan maigidan ya zabura, ya fizge hannu yana salati.

A nan jijiyar ta tsaya, inda aka ɗinke ta. Likita ta ce alama ta nuna tabo ne ya tare hanya, zaren ya dunƙule wuri guda bai ƙetare ba. Za a tabbatar da na'ura, amma su shirya wa aiki na biyu. Za a yanke dunƙulen, a ɗauko wata siririyar jijiya daga bayan ƙafarsa a yi gada da ita, gefen ƙafar zai rasa ji, sannan a koma jira daga farko. Ta ce naman da ya lotsa ba ya jira har abada, in ya daɗe ba saƙo, ko jijiyar ta iso ba za ta tarar da abin da za ta motsa ba. Da sun zo wancan karon da an fi samun sarari. Har yanzu ƙofa ba ta rufe ba, amma ba ta ba su shawarar su tafi gida su yi dogon tunani ba. Ta ce su fita su tattauna, tana nan.

Suka zauna a wani benci a ƙarshen baranda, kusa da famfon da ke ɗiga. Sufeto ta buɗe jaka ta rufe, ta sake buɗewa. Ranta a ɓace yake, kuma ta rasa da wa.

"Tun yaushe?" ta ce, ba ta dube shi ba.

Ya ce tun ranar farko. Ran nan canka kawai ya yi, don ya gaji da ganin yadda fuskarta ke zubewa kowace safiya. Ya san ba za ta taɓa farawa da wani yatsa ba sai babba, ita da ko wanke-wanke daga ƙaramin kofi take tashi. Sauran kuwa mai sauƙi ne. In hannunta ya taso awarwaro su faɗa masa, in audugar ta sauka numfashinta ya ɗauke, in kuma wayo za ta yi masa sai ta yi magana, don ba ta iya ƙarya da shiru ba. Ya ce da ya ga ta yi dariya ta ruga wajen waya, ta ina zai fara janyewa? Ya yi ta cewa gobe jin gaskiya zai zo ya tarar da na ƙaryar, ba wanda zai sani. Kuma wallahi akwai safiyar da shi kansa yakan ɗauka ya ji.

"Shekara nawa ina kwana ina tashi da numfashinki," ya ce. "Ko a cikin kasuwa na san shi."

Ta so ta yi masa faɗa. Ta tanadi maganganu, cewa shi ba yaro ba ne, cewa da hannun da suke ci da shi ya yi wasa, cewa ya mai da ita abin dariya a gaban sa'ar 'yar cikinta. Ko ɗaya bai fito ba. Abin da ya fito shi ne, ta ga ƙunar nan ta buta tun ranar da ta faru, ta ga bai ce wash ba, ta kawar da kai. Ita ce kuma ta ce kada a zo asibiti. Ta ce ashe ita ma ba gwada shi take ba, roƙonsa take ya ce ya ji. Hawaye suka zubo mata, ta share da bakin mayafi, tana jin tausayinsa da kunyar kanta a haɗe.

Ya bar ta ta yi shiru don kanta. Sannan ya faɗi abin da ke ransa, cewa tsoro yake ji. Ba wuƙar likita ba, jiran. A sake komawa farko, a sake zama a gida ana kallon bango, ƙaninsa na riƙe da shago, ita tana tsaye yini guda a kanti, kuma bayan duk wannan ba tabbas. Ya ce wani lokaci yakan ce a bar shi haka, ya koyi aski da hagu.

Ta ce da hagun da ko maɓallin riga ba ya iya ɓallawa? Ya tausaya wa kunnuwan mutane mana.

Dariya ta kuɓuce masa, ita ma ta yi, da sauran hawayenta. Wata ma'aikaciya da ke tura keken marasa lafiya ta waiwayo ta dube su ta wuce.

Sufeto ta ce ita dai ga abin da ta gani. In an yi aikin, ita za ta ci gaba da gwajin safe, amma ba yadda ya saba ba. Ba awarwaro, ba magana, kuma za ta fara daga inda ta ga dama, ko da abin zai hana ta sukuni. In bai ji ba ya ce bai ji ba, ko shekara za a yi ana haka. Ta yi alkawarin ba zai ga fuskarta ta canja ba, in ma ta canja ai idonsa a rufe yake.

"Numfashin fa?" ya ce.

Ta ce wannan kuma sai dai ta kunna rediyo.

Ya daɗe yana kallon ƙafarsa ta dama a cikin takalmi, yana motsa yatsunta. Daga baya ya ce to, su ɗauka, ai ba da ƙafa yake aski ba. Tsohon direba kuma sai ya ƙara haƙuri, in gemun ya kai cibiya a yi masa kitso.

Suka koma wurin likita. Aka rubuta musu gwajin na'ura, aka sa ranar aiki a mako mai zuwa. Da za su fita likita ta tuna wa Mama awarwaronta da ta kwashe daga cinya ta bari a kan tebur. Ta karɓa ta yi godiya, amma ba ta mayar hannu ba, cikin jaka ta zuba su.

Bas ɗin komawa ba ta cika ba, la'asar ta yi, rana ta yi sanyi. Ya zauna wajen taga. Ta ɗora jakar a cinyarsa, ta zura hannu ƙarƙashi ta kama yatsun nan uku kamar kullum. Hannunta ba ƙara yanzu, shi kuma hankalinsa na waje, yana kallon masu rufe shaguna. Motar ta faɗa rami, ta matsa yatsun. Bai juyo ba. Ta sake matsawa da ƙarfi, har nata yatsun suka yi zafi. Yana nan yana kallon titi.

Sai a lokacin ta gane. Duk watannin nan, duk ramin da suka faɗa tare, duk ina nan ɗin da take faɗa masa a ƙarƙashin jaka, ko ɗaya bai isa ba. A wuyan hannu suke tsayawa. Ta riƙe shi ta inda ba ya ji, shi kuma bai taɓa cewa ta gyara ba.

Ta saki ukun a hankali. Ta lalubi gefen hannun, ta sami ƙaramin yatsan da ba ta taɓa kula shi ba don lafiyarsa ƙalau, ta saƙala nata a ciki.

Ya juyo daga taga.

"Wanne?" ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ƙarami," ya ce, bai dubi jakar ba. "Wannan kam na ji, Sufeto."

Ta bar hannunta a nan har suka iso inda za su sauka.